Ina zan je in harbi kishimi mai manyan ƙaho a Amurka?

Tambaya: Malam, ni mazaunin Niyok ne, na jima a nan. Ina da lasisin farauta, kuma na sha harbo barewar nan mai farar wutsiya a dazukan jiharmu, amma duk mata ne da ƙananan maza. Yanzu burina in samu babban kishimi wanda ƙahonsa zai kai a rataye a bango. Hutuna bai wuce kwana goma a shekara ba, kuɗina kuma ba masu yawa ba ne. Wani ya ce Ayowa, wani ya ce Teksas, wani ya ce sai Kanada. Wacce zan nufa?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya ba da sa'a. Duk waɗanda suka ba ka shawarar nan gaskiya suka faɗa, sai dai kowannensu ya faɗi inda manyan suke ne, bai faɗi inda kai za ka iya samun su ba. Abin da za ka nema shi ne wurin da ake barin kishimi ya tsufa, wanda kuma kai za ka iya zama a cikinsa a makon da ya dace, ka koma baɗi, ka sake komawa. Bisa halin da ka bayyana, ni Ohayo zan tura ka, tsakiyarta zuwa gabas, a farkon Nuwamba, da kwari da baka. Ayowa kuwa ka fara tara makin ƙuri'ar izininta tun bana. Bari in shimfiɗa maka dalili.

Da farko mu daidaita kan abin da ake kira babba, domin a nan mutane da yawa suke cutar kansu. Ana auna ƙaho da inci: tsawon manyan rassa biyu, tsawon kowane tsinke, kaurin reshe a wuri huɗu kowane gefe, da faɗin da ke tsakaninsu daga ciki. Sai a tara. Ƙungiyar Boone and Crockett, wadda Theodore Roosevelt da abokansa suka kafa a 1887, ba ta sa ƙaho mai tsari a babban kundinta sai ya kai inci 170, marar tsari kuma, wato mai rassa barkatai, sai ya kai 195. Ƙungiyar maharba da baka, Pope and Young, tana karɓa daga 125 da 155. Ba a ma auna shi a hukumance sai ya bushe kwana 60. Akwai mafarautan ƙwarai da suka yi furfura a daji ba su taɓa ganin mai 170 da idonsu ba. Don haka in ka ɗora burinka a kan kishimi mai shekara huɗu da rabi zuwa sama, mai inci 130 zuwa 145, ka ɗora shi a wuri mai kyau, kuma ranar da ka riƙe irinsa a hannu za ka san ka yi abin kirki.

Abu uku ke yin ƙaho: shekaru, abinci, da iri. Mutane sun fi son maganar iri, kuma ba ƙarya ba ne, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. To amma a dajin da ba shinge, babu mai iko da iri. Abinci kuwa ƙasa ce ke ba da shi. Shekaru ne kaɗai abin da mutum yake hanawa ko ya bari. Wannan dabba tana zubar da ƙahonta kowace shekara a ƙarshen hunturu, ta tsiro da sabo daga bazara, ya ƙare girma wajen ƙarshen Agusta. Kafin ya kai shekara huɗu, yawancin abin da kishimi ya ci ƙashi da jiki yake ginawa, sai bayan jikin ya cika ƙarfin yake komawa ka. Ƙahonsa mafi girma yakan zo ne tsakanin shekara biyar da rabi zuwa shida da rabi. Duk mai turkar rago ya san wannan, ɗan shekara ɗaya ba ya murɗa ƙaho komai dusar da ya ci. Saboda haka jihar da ake harbe mazanta tun suna shekara ɗaya da rabi ba za ta ba ka babba ba ko da ƙasarta ta fi ta kowa albarka.

Da ka gane haka, za ka karanta littafin dokokin farauta na kowace jiha da wani ido dabam. Tambaya ta farko: yaushe ake buɗe lokacin bindiga? A arewacin Amurka lokacin barbarar barewa yana kamawa ne daga farkon Nuwamba zuwa tsakiyarsa, kuma gajartar rana ce ke tayar da shi, ba sanyi ba, shi ya sa kwanakin ba sa gocewa sosai daga shekara zuwa shekara. A makonnin nan tsohon kishimi, wanda duk shekara sai dare yake fita, yana yawo da rana tsaka yana neman mata, hankalinsa ba ya jikinsa. Jihar da ta saki dubban masu bindiga a daidai wannan lokaci ta gama da mazanta. Minesota da Mizuri suna buɗewa a cikin barbarar ko gab da ita. Ayowa da Kansas kuwa sai wajen farkon Disamba, Ohayo sai Litinin ɗin da ke bin bikin godiya na ƙarshen Nuwamba. Tambaya ta biyu: maza nawa aka yarda mutum ɗaya ya harba? A Ohayo, Indiyana, Kentaki da Kansas ɗaya ne tak a shekara. Wanda ya san harbi ɗaya gare shi yakan ɗaga wa ƙarami ƙafa, ƙaramin nan kuma shi ne babban shekara uku masu zuwa. Tambaya ta uku: mutum nawa ne ke cikin dajin? Waɗannan ukun sun fi kowane hoto da za a nuna maka a intanet faɗin gaskiya.

Sai ƙasa. In ka ɗauki taswira ka sa ɗigo a duk inda aka samu ƙahon da ya shiga kundi, za ka ga ɗigon ya bi manyan koguna: Misisipi, Mizuri, Ohayo, Ilinoi. Ƙasa ce mai taki, gonakin masara da waken suya da ciyawar alfalfa, ga kwazazzabai da tsaunuka masu duhuwa a gefe. Abinci a ƙasa, maɓoya a sama. Wiskonsin ce kan gaba a yawan ƙahon da ke kundin Boone and Crockett, gundumarta ta Buffalo kuma, da ke bakin Misisipi, ita ce kan gaba a gundumomi. Kishimin da James Jordan ya harba a gundumar Burnett ta wannan jiha a 1914, mai inci 206 da ɗoriya, shi ya riƙe kambun masu tsari har 1993. A Ilinoi, gundumar Edgar, Luke Brewster ya harbo marar tsari mai inci 327 da 7/8 da baka a 2018, wanda har yau babu maharbin da ya kai shi. Wanda ya fi kowa a kundi, mai 333 da 7/8, a mace aka tsince shi kusa da birnin St. Louis a Mizuri a 1981.

Amma a yi hattara da suna. Gundumar Buffalo, da Pike ta Ilinoi, sunansu ya riga ya yi nisa, kusan duk gona mai kyau an ba da hayarta ga kamfanonin jagorar farauta ko attajirai, kuɗin kuma ya fi ƙarfin ma'aikaci. Kundin ma tarihi yake ba ka, ba halin yau ba. In za ka duba shi, duba na shekara goma da suka wuce, kuma ka lura da gundumomin da ke maƙwabtaka da mai suna, waɗanda ƙasarsu ɗaya da ita amma ba a rububinsu.

Yanzu ga wuraren da aka ambata maka. Ayowa ta cancanci sunanta, ban san wata jiha da ta fi ta tsofaffin maza ba. Dalilin kuwa shi ne tana taƙaita baƙi. Wanda ba ɗan jihar ba sai ya shiga ƙuri'a, ana nema daga Mayu zuwa farkon Yuni, duk shekarar da bai samu ba ko ya sayi maki ana ƙara masa ɗaya, kuma mai maki da yawa ake fara ba izini. Izinin baka a yankunan kudu masu kyau yakan ci shekara huɗu, biyar ko fiye. Dajin gwamnati kuma kaɗan ne ƙwarai a jihar. Ka ga ba wurin bana ba ne. Ka sayi maki kowace shekara, ya zama ajiya, kafin ya cika ka riga ka ƙware a wani wuri. Abin takaici ne mutum ya jira shekara biyar sannan ya isa Ayowa bai taɓa ɗana kibiya a kan babban kishimi ba, hannu ya kama rawa a daidai lokacin. Ka kuma sani ba a yarda wa mai lafiya ya yi amfani da baka mai kunama, wato wanda ake ɗanawa a harba kamar bindiga, a lokacin baka na Ayowa ba, sai bakan da ake ja da hannu.

Kansas ma ƙuri'a ce, a Afrilu, amma ta fi sauƙin fitowa. Tana da wani tsari mai kyau inda gwamnati ke biyan manoma su buɗe gonakinsu ga mai farauta a ƙafa, sama da eka miliyan ɗaya. Ƙasa ce buɗaɗɗiya, barewa na bin bakin rafi inda bishiyoyi suke. Nisanta daga Niyok ne matsalarka.

Teksas wata duniya ce. Kusan kashi 95 cikin 100 na ƙasarta a hannun mutane yake, ba ka shiga sai da kuɗi. Kudancinta, ƙasar ƙaya da sarƙaƙiya wajen gundumomin Webb, Dimmit da Maverick, tana fitar da ƙaho mai faɗi a kan jiki ƙarami, barbararsu kuma sai Disamba. Akwai gandaye da suke barin maza su tsufa a sake, farautarsu ta gaskiya ce, da tsada. Akwai kuma masu dogon shinge, inda ake kiwon barewa ana zaɓen iri, a sayar maka da kishimi gwargwadon incin kansa. Boone and Crockett ba ta karɓar dabbar da aka harba a cikin irin wannan shinge, ni ma ba na kiran wannan farauta. Dabbar da ba ta da hanyar tsira ba a yi nasara a kanta ba. In har za ka biya kuɗi a Teksas, tambayarka ta farko ita ce tsawon shingen.

Kanada kuwa akwai abin da ba a cika gaya wa mutane ba. Gaskiya ne kambun duniya na masu tsari yana Saskacewan, inci 213 da 5/8, wanda manomi Milo Hanson ya harba kusa da garin Biggar a 1993. Sai dai Biggar tana yankin gonaki ne na kudu, kuma baƙon da ba ɗan Kanada ba ba a ba shi izinin farautar wannan barewa a can. Dajin arewa ake kai shi, kuma dole ta hannun kamfanin jagora mai lasisi. Yadda ake yi, a zuba abinci, a zaunar da kai a wata 'yar bukka daga asuba har magariba, cikin sanyin da kan sauka ƙasa da sifili da ma'auni 20 ko 30. Mazan can ƙatti ne, ƙahonsu baƙi mai kauri, abin sha'awa. Amma mako guda zai cinye dubban daloli, kuma abin da za ka koya a wurin bai da yawa, tunda wani ne ya yi maka duk binciken.

To me ya sa Ohayo? Lasisin baƙo da izinin barewa saye ake yi kai tsaye, babu ƙuri'a. Namiji ɗaya ne a shekara. Bindiga sai an gama barbara, kuma ko a lokacin, bindigogin da aka yarda da su ba masu dogon zango ba ne. Lokacin baka yana kamawa daga ƙarshen Satumba har farkon Fabrairu, an kuma yarda da baka mai kunama ga kowa, wanda mai bindiga zai iya sabawa da shi cikin 'yan makonni in ya dage da gwaji. Jihar tana da tarihi: a gundumar Greene aka harbo mai inci 304 da ɗoriya a 2000. Gundumomin Coshocton, Licking da Muskingum su ne inda gonaki suka haɗu da tuddai masu daji, kuma akwai filayen gwamnati kamar Woodbury a Coshocton, ga dajin tarayya na Wayne a kudu maso gabas. Daga Niyok tuƙin awa takwas zuwa tara ne. Wannan ne ya fi komai muhimmanci a gare ka, domin za ka iya zuwa a ƙarshen wani mako a Maris ka taka dajin da ƙafa, lokacin da ganye ya zube, sawu da turaku da bishiyoyin da maza suka goge da ƙaho duk suna bayyane, wataƙila ma ka tsinci ƙahon da aka zubar, wanda shi ne shaidar cewa mai shi ya tsallake lokacin farauta da rai. In Ohayo ba ta yi maka ba, Kentaki da Indiyana suna bin kusan wannan tsari. Kentaki ma tana buɗe baka tun farkon Satumba, lokacin da maza ke fita gonar wake da yamma, ƙahonsu bai gama zubar da fatarsa mai laushi ba.

Zaɓen jiha rabin aiki ne. Tsohon kishimi yakan yi yawancin rayuwarsa a fili da bai fi murabba'in mil ɗaya ba, don haka a ƙarshe eka ɗari kake zaɓa, ba jiha ba. A dajin gwamnati, ka buɗe taswirar tauraron ɗan'adam ka fara da soke wurare: duk abin da ke kusa da wurin ajiye mota, duk turbar da ta yi daɗin tafiya. Abin da ya rage shi ne naka: bayan rafin da sai an tsallaka, saman tudu mai wuyar hawa, ko wani ɗan lungu a bakin titi da kowa ke wucewa don ya raina shi. Ka nemi maƙura, wato inda daji ya tsuke tsakanin gona biyu, ko inda tudu ya ɗan lotsa ya zama mashiga, ko kan kwazazzabo inda dole dabba ta zagaya. A lokacin barbara kishimi yana bi ta ƙasan iskar wuraren da mata ke kwana yana shinshina, can za ka ɗaura kujerarka a bishiya. Hancinsa ne tsaronsa. Wurin da ba za ka iya shiga ba tare da iska ta kai masa warinka ba, komai kyansa, ka bar shi sai ranar da iska ta juya. A kwanakin 5 zuwa 12 ga Nuwamba kada ka sauko cin abinci, manya da yawa tsakanin hantsi da azahar suke gilmawa, lokacin da sauran maharba suka koma mota.

Kada ka raina ƙwanƙwasa ƙofa. Manomi da yawa barewa na yi musu ɓarna, kuma wanda ya zo tun bazara da ladabi, ya ce zai rage musu mata, ya kawo nama, yakan samu shiga inda kuɗi bai buɗe ba. A Ohayo dole izinin mai gona ya zama a rubuce, yana aljihunka. Eka arba'in da ke jingine da babbar gonar da ba a farauta a cikinta ta fi eka dubu da kowa ke tattakawa.

Akwai cuta biyu da za su iya rushe duk lissafin nan. Ta farko EHD, wadda wasu ƙananan ƙwari masu cizo ke yaɗawa a ƙarshen rani, musamman shekarar fari da barewa ke taruwa a bakin ɗan ruwan da ya rage. Ta yi ɓarna sosai a 2007 da 2012, a 2025 kuma ta afka wa kudu maso gabashin Ohayo, wajen Athens, Meigs da Washington. Inda ta ratsa, sai an yi shekara uku zuwa huɗu kafin tsofaffin maza su dawo, shi ya sa na karkata ka zuwa tsakiyar jihar. Ta biyu CWD, mai lalata ƙwaƙwalwa, wadda aka fara gani a Kolorado a 1967, ta ɓulla a Wiskonsin a 2002, ta kuma fi kama tsofaffin maza, wato ainihin abin da kake nema. Hukumomin lafiya sun ce kada a ci naman wadda aka gwada aka same ta da ita. Saboda wannan cuta Niyok ta hana shigo da gawar barewa sukutum daga wata jiha, sai naman da aka cire wa ƙashi da ƙaho a kan ƙoƙon kai da aka tsabtace. Kafin ka sa hutunka, ka buga wa jami'in namun daji na gundumar waya a Satumba ka tambaye shi ko an ga mushe a bakin ruwa bana. Suna amsawa, kuma ba sa ɓoyewa.

In wata rana ka tara kuɗi ka ce za ka bi ta kamfanin jagora, ka tambaye su eka nawa suke da ita, mutum nawa suke ɗauka a mako, mako nawa a shekara, kuma mutum nawa suka zauna a bishiyar da za a ba ka kafin kai. Ka nemi lambar waɗanda suka je ba su harbi komai ba, su ne za su gaya maka gaskiya. Wanda ya ce ya ba ka tabbacin babban kishimi a dajin da ba shinge, ka riƙe kuɗinka.

Batun nama kuma, tunda mu Musulmi ne: ka ambaci sunan Allah lokacin sakin kibiya, in ka tarar da ita da sauran rai ka yanka. Kashe dabba don ƙaho kawai a bar nama ya ruɓe addini bai yarda ba, dokar jihohi da yawa ma ta hukunta shi. Tsohon kishimin da ke cikin barbara namansa yana da ƙarfi da ɗan wari, don haka ka feɗe shi da wuri, ka cire kitsen duka, ka sa shi a ƙanƙara, cinyoyin su tafi kilishi ko dambu. Ka tanadi babban akwatin sanyi biyu da wuƙa mai kaifi tun kafin ka bar gida, kuma ka yi rajistar abin da ka harba ta waya ko intanet kamar yadda dokar Ohayo ta ce kafin ka kama hanyar Niyok.